Direban Palat Sanoh

Motar asibiti ta tsaya a bakin lungu, ta rasa hanyar shiga, don tsohuwar a-kori-kurar Palat Sanoh ta tare ƙofar gidan tun ranar da ciwo ya kayar da shi. Ma'aikata biyu sun riga sun sauko da gadon da yake kwance a kai, ga yayyafi ya fara sauka. Ɗayansu baƙo ne a garin. Ya ji matan lungu suna ta kiran wani tsoho, wannan ta ce Direba kawo lema, waccan ta ce Direba buɗe ƙofa, sai ya haɗa tafukansa a ƙirji, ya ce da tsohon cikin ladabi, "Kawu Direba, a taimaka a matsar mana da motar nan."

Matan lungu suka dubi juna. Can sai Inna Sombun, mai sayar da kunun shinkafa a gidan da ke jingine da nasu, ta tuntsire da dariya har sai da ta dafa katanga. Shi kansa mara lafiyar, da ya rame har ƙasusuwan fuskarsa suka fito, ya buɗe ido yana murmushi.

"Yaro," in ji shi, da muryar da ba ta fita sosai, "in ka ba mutumin nan makulli, da ni da ku duk a kogi za a tsamo mu."

Rampai, 'yar Inna Sombun, wadda take aikin jinya a asibitin garin, ita ta karɓi makullin ta ja motar gefe. Kawu Thawin, wanda duk garin ke kira Direba, yana tsaye riƙe da lema a kan fuskar Palat, ruwa na zuba a tasa kafaɗar. Ya haura shekara saba'in, bai taɓa tuƙa ko babur ba.

Palat ba suna ba ne, muƙami ne: mataimakin shugaban gunduma. Da shi Sanoh ya zo garin tun kafin a haifi Rampai, da shi kuma ya yi ritaya. Ranar da ya iso, shugaban gunduma na wancan zamani ya ga wani saurayi yana sauke akwatuna daga mota, ya tambayi ko wane ne. Sanoh ya ce direbansa ne. Washegari garin kaf ya ga Palat a bayan sitiyari, direban nasa kuma a gefe ya rungume kwanon abincin rana a cinya. Haka aka yi ta gani har kansu ya yi furfura. Ba wanda bai gane abin da ke tsakaninsu ba. Mutanen lungu suka riƙe sunan, da farko don tsokana, daga baya ya zama wani rufin asiri da kowa yake da hannu a ciki.

A ofis kuwa ba dariya aka yi ba. Sanoh ya ci jarrabawar zama shugaban gunduma tun da ƙuruciyarsa, sai aka kira shi babban birnin lardi. Wani babba ya zuba masa shayi da hannunsa, ya ce masa kujerar nan ba ta mutum ɗaya ba ce, don matar shugaban gunduma ita ce ke jagorantar ƙungiyar agaji ta mata, ita ke raba barguna, ita ke tarbar matan manya. Ko direban nasa ne zai ɗaura zane ya jagorance su? Ya ba shi shawara ya nemi kowace mace ce, ko bazawara, a ɗaura musu aure, direba kuma ya koma ɗakin baya. Sanoh ya yi godiyar shayi ya dawo gida. Daga nan ba a sake kiransa ba. Yaran da ya koya wa yadda ake raba rigimar iyakar gona suka riƙa dawowa a matsayin shugabanninsa, yana miƙewa tsaye idan sun shigo. In kogi ya yi ambaliya shi ake gani cikin kwalekwale da kakinsa jiƙe sharkaf. In kuma an yi walimar ma'aikata, aka jera kujerun matan aure, Thawin yana waje wurin ajiye motoci, yana cin shinkafa cikin ganye tare da direbobin gaske.

A barandar mutanen nan biyu Rampai ta yi karatunta na firamare. Palat ne ya koya mata cewa in tana magana da mai kaki ta dubi idonsa. Ita dai ba ta yafe wa ofishin nan ba, ba ta kuma ga dalilin da zai sa ta yafe ba.

Da dokar aure ta canza a farkon shekarar, aka ce namiji da namiji ma, mace da mace ma, suna iya zuwa ofishin gunduma a ɗaura musu kamar kowa, Palat ya sa aka goge masa tsohon kakinsa. Da ƙyar Thawin ya yarda, shi ma da sharaɗin a je da sassafe kafin kasuwa ta cika. Shugabar gunduma ta yanzu, macen da ta fara aiki a matsayin magatakarda a ƙarƙashin Palat, ita ta ɗaura da kanta, Rampai da uwarta suka yi shaida. Da aka fito, Thawin ya riga Palat wurin mota, ya buɗe masa ƙofa, ya ce, "Yallaɓai," kamar yadda ya saba a gaban mutane. A tsakaninsu "Yaya" yake ce masa, amma sai an rufe ƙofar gida.

Yanzu ga shi likitoci sun ce ba sauran abin yi, Palat ya ce a mai da shi gida. Aka ajiye masa gado a ɗakin ƙasa, inda yake hango bishiyar tsamiya. Kullum da safe Rampai takan shigo ta yi masa allura kafin ta wuce aiki. Inna Sombun ta riƙa aiko da kunu, shi kuma ya riƙa aika mata da cewa gishiri ya yi yawa, ita kuma ta leƙo ta kan katanga ta ce ai harshen ma'aikacin gwamnati ba ya gode wa kowa. Cokali biyu yake iya sha. Thawin yakan shanye sauran a tsaye don kada ta ga an mayar mata.

Wata rana da la'asar Thawin ya taka zuwa kasuwa neman kifi. Palat ya jira sai da ƙarar takalminsa ta ɓace, sannan ya yafito Rampai.

"Ɓera," ya ce, don haka yake kiranta tun tana rarrafe, yadda manyan garin ke kiran ƙananan yara, "kin san inda mutumin nan zai kasance ranar da za a ƙona gawata?"

Ta ce ya daina irin wannan magana. Ya ce ya ƙare rayuwarsa cikin mutanen da ke faɗar abin da ba shi suke nufi ba, ita kam ta raga masa.

"Kicin zai shige. Zai raba ruwa, ya wanke kofuna, ya bar wani ya riƙe hotona. Sau ɗaya na faɗi sunan nan na Direba, shi kuma ya ɗauke shi a ka har yau. Kada ki bari ya zauna a baya."

Ta ce ta yi alkawari. Ta faɗa da sauri, don a ganinta abin ba wuya: ga doka, ga shaidu, wa zai hana?

Palat ya cika ne da safe, lokacin da sufayen haikali, masu ibadar garin, ke wucewa ta lungu da ƙoƙunansu na karɓar sadakar abinci. Thawin yana goge masa ƙafa da tsumma mai ɗumi. Rampai ta riƙe tsintsiyar hannunsa ta ji shiru, ta ɗaga kai ta dubi tsohon. Ya gane. Bai tsaya ba sai da ya gama goge ɗaya ƙafar, har tsakanin yatsu, sannan ya ninke tsumman ya zauna a ƙasa.

A haikali aka shimfiɗa shi cikin fararen kayan ma'aikata, aka miƙo hannunsa na dama a kan matashi don kowa ya zuba masa ruwan ƙamshi na ban kwana. Tsoho Bunma, mai shelar haikalin, wanda ba a biki ko makoki sai da muryarsa a lasifika, ya ce iyali su fara. Palat ba shi da sauran dangi na kusa. Idanu suka juya neman Thawin, sai ga shi a gefe rungume da babban kwanon ruwan, yana cika wa mutane 'yan kofuna. Ya sunkuyar da kai ya nuna wa shugabar gunduma hanya. Ta tsaya tana jiransa, da ta ga ba zai motsa ba ta wuce. Shi ne na ƙarshe da ya zuba, bayan zauren ya kusa watsewa.

Da yamma, kafin sufaye su fara karatu, akan kai wa mamaci tiren abinci, wanda ya fi kusa da shi ya ƙwanƙwasa akwatin gawar ya kira shi ya ci. Thawin ya shirya tiren da kansa, shinkafa mai danƙo da gasasshen kifi da ya cire wa ƙaya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗora shi a hannun Rampai ya koma kicin. Ita ta ƙwanƙwasa. Washegari ma haka. A gaban zauren kuwa, doguwar kujerar da ake ajiye wa mai makoki tana nan ba kowa a kai.

Ana gobe ƙonawa Rampai ta sami Thawin a kicin ɗin haikali, tsugune yana wanke kofuna a baho. Ta faɗa masa alkawarin da ta ɗauka. Ta ƙara da duk abin da ke cinta: cewa doka ta ba shi wurin nan, cewa mutanen da suka tauye Palat sun mutu ko sun tsufa, cewa in ya ɓuya yanzu ya ba su gaskiya ke nan. Ya bar ta ta gama, yana ta ɗauraya.

"Ke kin yi makaranta, 'yata," ya ce, "kin kuma taso a lokacin da ake iya faɗa. Kin ɗauka sunan nan zagi ne? Da shi na shiga duk inda ya shiga. Direba ba a tambayarsa dalilin da ya sa yake kwana a gidan. Da wani abu daban ya ce ranar da muka iso, da ban yi mako a garin nan ba."

Ya kife kofi a kan tire.

"Ba kunyarsa nake ji ba. Ƙafafuna ne ba su san hanyar gaba ba."

Rampai ta tsugunna ta ɗauki tsumma ta kama goge kofunan.

Daga nan ta wuce wurin Tsoho Bunma, don gobe shi zai kira sunayen waɗanda za su ɗora mayafin sadakar sufaye a gaban akwati, kowa da dangantakarsa da mamaci. Ta tambaye shi me zai ce in ya zo kan Kawu Thawin. Ya sosa ƙeya, ya ce ya yi tunanin ya ce amininsa na kusa. Ta ce ba shi ke nan ba. Ya ce ya sani, ai shi ma ya ci alewar auren, amma tun da aka kafa lasifikar nan kalmar ba ta taɓa fita ta cikinta a kan namiji da namiji ba, ga sufaye zaune.

"Ofishin gunduma ya faɗe ta, Kaka," in ji ta. "Kai ne bakinka zai ƙone?"

Ya ce yaran yanzu ba su da ta ido. Ya ce zai gani.

Ranar ƙonawa rana ta fito bayan kwanaki ana ruwa. Aka ɗora akwatin a kan amalanke mai furanni, aka ɗaura masa dogon farin zare, babban sufi ya kama bakin zaren, jama'a suka jeru a baya don kewaya gidan wutar da ake ƙona gawa. Saura mai riƙe hoto, wanda zai yi gaba da kowa bayan sufi. Hoton yana jingine a kujera: Palat cikin kakinsa, da igiyoyin kafaɗar da ba su taɓa ƙaruwa ba. Wani ma'aikacin gunduma ya miƙa hannu zai ɗauka, shugabarsa ta taɓa shi a gwiwar hannu, ya janye. Aka tsaya ana jira, mutane na fifita da takardun addu'a.

Rampai ta nufi kicin ba tare da ta san abin da za ta ce ba. Ta tarar uwarta ta riga ta. Inna Sombun tana tsaye a kan Thawin da ludayi a hannu, shi kuma yana jera robobin ruwa a cikin kwando.

"Kai Thawin," in ji ta, "tun ina da haƙorana duka muke ce maka Direba, ba ka taɓa kai mutumin nan ko nan da bakin kasuwa ba. Shi ya yi ta jigilarka kamar matar gwamna. Yau ga shi a kan mota, ba zai iya tuƙa kansa ba. A ina ka taɓa ganin direba a kujerar baya?"

Ya tsaya da roba a hannu. Bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, sai idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce, "Yaya Sombun, bakin nan naki shi zai kai ki wuta."

"Sai ka tuƙa ni can ma, in ka koya."

Ya ajiye robar. Rampai ta kwance masa tsumman da ya ɗaura a ƙugu, ta gyara masa wuyan baƙar rigarsa. Ya fita cikin rana yana ƙifta ido, mutane suka dare masa hanya. Ya ɗauki hoton da hannu biyu, ya manna shi a ƙirji. Rampai tana dab da bayansa, riƙe da zaren, don haka ita kaɗai ta ji abin da ya ce a hankali.

"Yaya, ka zauna da kyau. Yau ni ke tuƙi."

A hankali ya yi tafiyar, a hankali ƙwarai, har sai da babban sufi ya riƙa tsayawa yana jiransa. Inna Sombun ta ce da ta kusa da ita, yadda kowa zai ji, wai ga shi nan, ko a ƙafa ma bai iya gudu ba. Wasu suka yi dariya suna share ido. Haka suka kewaya gidan wutar sau uku, ba wanda ya wuce shi.

Da aka zauna, shugabar gunduma ta ƙi zama a doguwar kujerar sai da ya zauna. Ya ɗosana a bakinta kamar wanda zai tashi. Tsoho Bunma ya fara kiran sunaye: shugaban 'yan kasuwa, shugaban makaranta, wakilin tsofaffin ma'aikata, kowa ya je ya ɗora mayafinsa ya dawo. Sai ya zo kan sunan Thawin. Ya yi tari, lasifika ta yi ƙara. Rampai ta kafe shi da ido, irin kallon da Palat ya koya mata.

"Sai kuma Thawin Kaeomani," in ji tsohon, "direban marigayi." Ya haɗiyi yawu. "Kuma mijinsa."

Lasifikar haikalin tana kaiwa har kasuwa, har harabar ofishin gunduma. Kalmar ta fita ta tsallake rufin gidaje, ba abin da ya faɗo. Sufaye suna zaune yadda suke. Thawin kuwa bai motsa ba, don ya daɗe bai ji cikakken sunansa a bakin kowa ba, sai da Inna Sombun ta zungure shi daga baya. Ya hau matakalar gidan wutar da mayafin a hannu. Kafin ya ɗora, ya ƙwanƙwasa gefen akwatin da bayan yatsunsa, a gaban kowa, ya sunkuya ya faɗi wani abu da lasifika ba ta ɗauka ba.

Bayan 'yan kwanaki Rampai ta fito da safe za ta tafi aiki, sai ta ga ƙofar a-kori-kurar a buɗe, inda ta ajiye ta a gindin tsamiya. An wanke ta, an rataya sabon zaren furanni a madubi. Kawu Thawin yana zaune a mazaunin direba, hannayensa biyu a kan sitiyari, makullin yana rataye bai murɗa ba. A kujerar gefe ya ajiye kwanon abincin rana.

Ta gaishe shi ta taga. Ya amsa bai juyo ba, yana kallon lungun da ke miƙe har bakin kogi.

"Ashe daga nan an fi ganin hanya," ya ce.